Yadda Yaya Ya Koyi Vim da Hannu Ɗaya

Yaya ɗan baffana ne, amma gida ɗaya muka tashi a Kurfi, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta, lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, shi kuwa ya riga ya yi nisa a harkar rubuta manhaja. Bai nuna mini hotuna ko wasanni ba. Wani baƙin allo ya buɗe, babu komai a kansa sai ɗan farin layi yana ƙyaftawa, ya ce a nan ake aikin gaske, sauran duk kwalliya ce don masu kallo.

A cikin baƙin allon nan mutum yana bukatar abin da zai yi rubutu da shi ya kuma gyara, wanda ake kira edita. Editan Yaya shi ne Emacs. Yadda ake sarrafa shi, sai ka danne maɓallin Ctrl da autan yatsan hagu, ka riƙe shi, sannan ka taɓa wani harafi da wani yatsan. In za ka ajiye aiki, Ctrl da x, sannan Ctrl da s. In za ka je ƙarshen layi, Ctrl da e. Kusan babu abin da ake yi da yatsa ɗaya. In Yaya yana aiki hannunsa na hagu ba ya hutawa, autan yatsan nan kullum a lanƙwashe a kusurwar kibod, wato allon maɓallan rubutu, har wurin ya yi kanta. Yakan nuna mini kantar da alfahari, irin yadda manomi ke nuna tafin hannunsa.

Da Emacs na koya, domin ban san akwai wani ba. Sai daga baya, da na fara aiki a kan wata kwamfuta ta nesa wadda ba a sa mata Emacs ba, dole ta sa na buɗe Vim. Ranar farko ko fita daga cikinsa na kasa yi. Amma da na zauna da shi sai na ga ya fi kwanta mini. Shi Vim ba a riƙe maɓalli biyu sai jefi-jefi. Yanayi biyu gare shi: na rubutu, da na ba da umarni. Ka danna Esc ka koma yanayin umarni, daga nan kowane harafi shi kaɗai aiki ne. Ka buga d sau biyu layi ya tafi. Haruffan h, j, k da l, waɗanda ke jere ƙarƙashin hannun dama, su ke kai ka hagu, ƙasa, sama da dama.

Ranar da Yaya ya leƙo allona ya gani, sai ya tsaya a kaina.

"Ashe ka sauya sheƙa," ya ce.

"Gwadawa kawai nake, Yaya."

"Haka duk masu sauya sheƙa ke cewa. Edita da sai ka tambaye shi halin da ya tashi da shi kafin ka rubuta harafi, mi za ka yi da shi?"

Na ce ai gara wannan da editan da ke karya wa mutum yatsa. Ya ce yatsan raggo ne ke karyewa. Daga ranar muka samu abin musu, kuma muka yi shekara da shekaru muna yin sa ba tare da ɗayanmu ya gusa ba.

A lokacin mun koma Dutsin-Ma, muna aiki a ofishin wani matashin Alhaji, ɗan wani babban mai sayar da hatsi. Alhajin bai iya rubuta manhaja ba, amma ya iya nemo aiki, kuma mahaifinsa ya kama masa ɗakuna a saman wani bene. Mukan yi wa 'yan kasuwa da makarantu masu zaman kansu manhaja, har da wata ƙungiyar manoman rani ta wajen madatsar ruwan Zobe. Yaya ne ginshiƙin wurin. Duk abin da ya gagara, teburinsa ake kaiwa. Alhaji kan kawo baƙi ya tsayar da su bayan kujerar Yaya don su ga yadda rubutu ke gudu a baƙin allo ba tare da an taɓa maus, linzamin kwamfuta, ba, ya ce musu, "Kun ga irin mutanen da nake da su."

Da rana mukan sauko mu ci soyayyen kifin Zobe wurin wata mata a ƙasan benen, kuma da wuya a gama cin ba a taɓo zancen ba. Yaya ya ce Emacs gida ne, a ciki yake karanta saƙo, a ciki yake tsara aikinsa, a ciki yake komai. Ni in ce ai shi ya sa ya yi nauyi kamar jakin da aka labta wa kaya. Sauran ma'aikatan, masu aiki da editoci na zamani masu hotuna da maus, sukan yi mana dariya su ce tsofaffi biyu sun fara. Ba mu damu ba. A kan abu ɗaya dai ni da Yaya muka yarda: duk wanda ke ɗaga hannu daga kibod ya nemi maus don ya goge layi, ɓata lokaci yake.

Wata ranar Asabar da hantsi, a farkon bazara, Yaya ya taso daga Kurfi a babur zai shigo Dutsin-Ma. Saniya ta faɗo masa titi daga cikin garke. Ya kauce mata, babur ya kwashe shi, ya faɗi a kan hannunsa na hagu. Ƙashin ya karye a sama da gwiwar hannu. Ni ina ofis aka kira ni, kafin in isa an riga an mai da shi gida.

Na so a wuce da shi asibiti a Katsina a ranar. Baffa, mahaifinsa, ya ce a'a. Akwai mai ɗori a wajen Wurma wanda ya ɗora ƙafar kakanmu, ya ɗora ta rabin garin, ba za a kai masa ɗa inda za a sa masa ƙarfe ba. Na yi magana, aka ce mini yaushe aka haife ni. Yaya kansa ciwo ya hana shi musu. Aka ɗora, aka ɗaure da karare, ƙashi kuma ya kama. Amma da aka kwance, yatsun ba su dawo ba. Autan da na kusa da shi sun lanƙwashe sun manne da tafi, sauran ukun suna motsi kaɗan amma ko cokali ba sa riƙewa. Sai a lokacin aka yarda aka je Katsina. Likita ya duba ya ce jijiya ce ta taɓu, kuma an makara. Baffa ya ce haka Allah ya ƙaddaro. Ni kuwa babu abin da zan faɗa da ba zai zama rashin kunya ba. Har yau in na tuna da wannan zaman a harabar asibiti, da yadda kowa ya yi saurin yarda cewa babu laifin kowa, sai raina ya ɓaci.

Alhaji ya zo dubiya har Kurfi, da lemo da kwalin madara. Ya zauna a kan tabarma a zaure, ya dafa kafaɗar Yaya.

"Malam, kada ka sa komai a ranka. Kujerarka na nan, ba wanda zai zauna kanta. Ka warke a tsanake."

Yaya ya yi godiya. Ni ma na ji daɗi, har na raka Alhaji mota ina ƙara masa godiya.

Da Yaya ya ɗan samu ƙarfi, na kawo masa laftof ɗinsa. Ya ɗora ta a cinya ya buɗe Emacs, ya kai hannun hagu inda ya saba zama, hannun ya kwanta a kan kibod kamar ba nasa ba. Ya janye shi. Ya gwada da dama kaɗai: babban yatsa a kan Ctrl, sauran suna miƙewa neman harafi. Wasu ya kai, wasu bai kai ba, kuma kowanne sai ya duba ƙasa. Mutumin da bai taɓa kallon kibod ba tun da na san shi. Na nuna masa akwai saitin da zai sa Ctrl ya tsaya a danne ko an ɗaga yatsa. Ya gwada na ɗan lokaci, ya ce kafin ya gama danna umarni tunanin da yake bi ya tsere. Ya rufe laftof ɗin.

"Yaya," na ce, "akwai Vim. Yawancin umarninsa maɓalli ɗaya ne, kuma na yawo duk a hannun dama suke."

Ya dube ni. "Dama abin da kake jira ke nan."

"Wallahi ba musu na zo yi ba."

"To ka bar shi."

Na bar shi. Makonni suka wuce, ruwa ya sauka, mutanen gida suka fita shuka, shi yana zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Matarsa ta gaya mini ko abinci sai ta yi da gaske yake ci. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tafe gida, ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Abin nan naka. In an shiga, ta ina ake fita?"

Haka muka fara. Duk ƙarshen mako in hau mota daga Dutsin-Ma in zo Kurfi, mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, in hadari ya taso mu koma zaure. Ban taɓa koyar da wanda ya fi ni ba sai a lokacin, kuma ba abu ne mai sauƙi ba ga ɗayanmu. Yakan manta yana yanayin umarni ya kama rubutu, haruffan su zama umarni, su yanke nan su liƙa can. Ranar farko da ya yi haka ya share kusan rabin aikin da ya rubuta. Na ce ya danna u. Ya danna, ya sake dannawa, komai ya dawo. Sai ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa tun faɗuwar.

"Ka ga irin haukan da nake faɗa maka," ya ce.

Amma bai rufe ba. Esc yana can saman kusurwar hagu, nesa da hannunsa mai lafiya, don haka muka mai da aikinsa kan wani maɓalli kusa da dama. Umarnin ajiye aiki yana farawa da alamar da sai an riƙe maɓalli biyu, muka sauya ta zuwa wadda ake bugawa da yatsa ɗaya. Daga nan ya karɓe abin daga hannuna. Ya zauna ya tsara wa kansa gajerun hanyoyi, ta yadda haruffa biyu ko uku za su fito masa da jimlar da ya saba rubutawa. Ya gano cewa gefen hannunsa na hagu, ko da yatsun ba sa aiki, zai iya danna dogon maɓallin tazara, ya ba shi wannan aikin. Kafin gero ya fitar da kai, ya daina kallon kibod. Kafin a fara girbi, yana yin abubuwa a Vim da ni da na yi shekara da shekaru a kansa ban san ana yi ba.

A tsakiyar daminar Alhaji ya kira ni ofishinsa ya tambayi jikin Yaya. Na ba shi labarin duk abin da muke yi, da murnata. Ya ce madalla, in gaya masa ya dage, ana jiransa. Na kai wa Yaya saƙon kamar yadda aka ba ni.

Wata rana da la'asar, muna zaune, Yaya ya gama gyara wani dogon aiki da hannu ɗaya, ya jingina da bishiya.

"Abin naku ba hauka ba ne gaba ɗaya," ya ce. "Akwai hankali a ciki. Kada dai ka gaya wa kowa na faɗa."

Shekaru ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa. Da ta zo, hannunsa na hagu yana kwance a cinyarsa kamar busasshen reshe, ban ji daɗin komai ba. Na ce masa da hannunsa zai dawo, da ni zan koma Emacs har in mutu. Ya ce in daina maganar banza.

Bayan an kai amfanin gona gida ya koma aiki. Ya sa sabuwar shadda, muka hau benen tare, ma'aikata suka tashi suna yi masa barka. Kujerarsa na nan kamar yadda aka yi alkawari. Bai kai ga buɗe laftof ba Alhaji ya tara mu ya ce yana da albishir. Ya samu babban aiki daga wani kamfani a Legas, wanda zai riƙe ofishin na dogon lokaci, kuma daga wannan makon kowa a kansa zai koma. Sharaɗinsu ɗaya: ba a aiki a kwamfutar kowa. Su suke da wurin rubutunsu a intanet, a nan za a shiga a yi komai, ba a ƙara masa komai, ba a sauya masa maɓalli ko ɗaya.

Muka buɗe muka gani. Edita ne irin na maus, ko'ina 'yan akwatuna da sai an nuna an danna. 'Yan gajerun hanyoyin da yake da su duk na riƙe maɓalli biyu ne ko uku. Babu Vim a ciki, babu Emacs, babu ma baƙin allon.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambaya, a hankali, "Alhaji, yaushe aka ƙulla wannan magana?"

"Ai ta daɗe. Tun kafin ruwa ya sauka muka sa hannu, shirye-shirye ne suka ja lokaci."

"Da wannan sharaɗin?"

"Da shi."

"Ka san abin da na kwashe damina ina koyo."

Alhaji ya gyara hularsa. "Na sani, Malam. Ban so in karya maka gwiwa ba ne. Na ga abin yana ɗebe maka kewa."

Ɗebe kewa. Mutum ya haɗiye girman kansa, ya zauna gaban ƙanensa yana koyon baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya, ya horar da hannu ɗaya ya yi aikin biyu, a ce masa ɗebe kewa yake. Da an gaya mana tun farko, da wani abin muka koya, ko da mun nemi wani wurin. Kalma ɗaya ce, kuma Alhaji yana da ita a bakinsa ranar da ya zauna a zaurenmu, yana da ita ranar da ya ce in gaya wa Yaya ya dage.

Duk da haka Yaya ya zauna ya gwada. Teburina yana kusa da nasa, ina ganin hannun damansa yana kai-komo: ya kama maus ya nuna wuri, ya saki ya dawo kibod ya rubuta, ya sake komawa. Abin da muka shekara muna yi wa wasu dariya a kai, shi yake yi, kuma da hannu ɗaya. Aikinsa ba ya da kuskure, amma yana zuwa a makare, su kuma mutanen Legas sauri suke dubawa. Ba a jima ba suka fara kiran Alhaji a waya.

Na shiga wurinsa ni kaɗai na roƙe shi abu ɗaya: ya rubuta musu ya ce yana da ma'aikaci mai hannu ɗaya, wanda ya fi kowa a ofishin, a ba shi izinin aiki da editansa. Na ce irin waɗannan kamfanoni sukan yarda in an yi musu bayani.

"In gaya musu ina da nakasasshe a cikin ma'aikata?" ya ce. "So kake su ɗauka ba mu da mutane? Kai ba ka san yadda na sha wahala kafin in samo aikin nan ba."

"Tambaya ce kawai, Alhaji. In sun ƙi, sun ƙi."

"Ba zan tambaya ba."

Abin da ya yi a maimakon haka, ya kira Yaya ya ce ya lura aikin yana wahalar da shi, don haka ya samo masa mai sauƙi. Akwai tebur a bakin ƙofa inda ake karɓar baƙi ana buga wa ɗalibai takardu. Ya ce ya koma can, ba za a rage masa komai a albashi ba. Alhaji ya faɗi haka fuskarsa a sake, da alama ya yarda alheri yake yi.

Yaya ya ce ya gode. Ya dawo teburinsa ya naɗe wayar cajinsa da hannu ɗaya, yana danne ƙarshenta da haɓa. Na miƙa hannu zan taya shi, ya girgiza kai. Na bi shi har ƙasan benen.

"Yaya, bari in ajiye aikin ni ma."

"Ka ajiye ka ci mi? Kana da mata da 'ya'ya. Koma bakin aikinka."

Na koma. Na koyi editan mutanen Legas cikin 'yan kwanaki, domin babu abin koyo a cikinsa ga mai hannu biyu.

Na yi ta nemo masa ƙananan ayyuka daga waje, waɗanda zai yi a gida da editan da ya ga dama. Na farko ya karɓa ya yi, na biyu ya ce in ba wani. Ya ce in ya buɗe baƙin allon ransa ɓaci yake, kuma ba ya son ya riƙa huce wa iyalinsa. Baffa ya tsufa, rumfarsa ta hatsi a kasuwar Kurfi tana bukatar mai zama, Yaya ya koma can. Mutanen gari suka ce ai gara haka, ɗa ya gaji ubansa, dama wannan aikin kwamfuta ba sana'a ba ce. Baffa ma ya faɗa a gabana cewa ƙarshe dai karayar ta zama alheri.

Ranar kasuwar da ta wuce na biya ta rumfar. Na same shi yana auna wa wata tsohuwa dawa, ya tokare bakin buhun da gwiwar hannun hagu, yana zuba tiya da hannun dama. Ya iya wannan ma, kamar yadda yake iya duk abin da ya sa kansa. Da ta tafi ya matsa mini a kan benci, muka gaisa, ya tambayi yara.

"Har yanzu kana wurin mutumin nan?" ya ce.

"Ina can, Yaya."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Wani ya tsaya yana tambayar farashin gero, Yaya ya tashi ya nufe shi. Na ɗan ƙara zama, na ga ciniki ya yi masa yawa, na yi sallama na tafi tasha. Washegari da safe na hau benen, na tarar da Alhaji a bakin ƙofa, na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ce in na je gida in gaida masa Malam.